BULALA MAI IDO

Zuwa ga 'yan'uwanmu na Belbeji, da Tanut, da Gangara, da Bakin Birji, da Sabon Kafi, da sauran kasuwannin Damargu duka.  Muna roƙon duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya boko ba, a hankali, in an tashi daga kasuwa, kada kuwa ya tsallake ko layi ɗaya, ko da layin ya taɓa wanda yake ƙauna.

Maganarmu ta yau a kan shari'a ce, da yadda aka yi da ita cikin shekara 12 na mulkin jam'iyyar PNDS Tarayya, watau daga Afrilu 2011 da Mahamadu Isufu ya hau, har zuwa 26 ga Yuli 2023 da soja suka tsare Mohamed Bazum. Wani zai ce, mulkin nan ya riga ya faɗi, ina amfanin tada zancensa? To, mu ba mu zo taka wanda ya faɗi ba. Amma wanda rumbunsa ya zube, in bai duba inda gara ta shiga ba, sabon da zai gina ma zubewa zai yi.

ABIN DA MUKE RIƘE DA SHI

Ana ce da mu masu ra'ayin riƙau, waɗansu su ce 'yan mazan jiya. Mun karɓi sunan, ba mu jin kunyarsa. Abin da muka riƙe kuwa shi ne: talaka ba ya iya tsayawa shi kaɗai gaban mai mulki, sai da abin da ya shiga tsakaninsu. Na farko alƙalin da ba ya jin tsoron kowa. Na biyu sarki da dattawa da malamai waɗanda jam'iyya ba ita ta naɗa su ba. Na uku abin hannunsa, gonarsa da garkensa da rumfarsa, waɗanda ba mai ikon karɓewa sai da hukunci. In aka kawar da waɗannan, talaka ya zama kamar bukka a fili ba darni, kowace iska ta taso kansa za ta sauka.

Su kuwa 'yan gurguzu, tun da suka kafa jam'iyyarsu a Disamba 1990 suka shiga ƙungiyar 'yan gurguzu ta duniya, karatunsu dabam ne. A wurinsu gwamnati ita ce uwa, ita ce uba, ita ke rabon aiki, ita ke rabon kwangila, ita ke cewa wane ya ci wane ya kwana da yunwa. Kuma ɗan gurguzu ya sakankance niyyarsa mai kyau ce, saboda haka duk wanda ya tare masa hanya, a ganinsa, maƙiyin talakawa ne. Mutumin da ya yarda da haka ba ya daɗewa sai ya dubi ɗakin shari'a ya ga kayan aiki, kamar yadda manomi ke duban hauya.

Tun muna yara malamanmu suka karanta mana cewa Sayyidina Umar ya rubuta wa alƙalinsa Abu Musa ya daidaita masu ƙara a wurin zama da wurin kallo, domin kada babba ya sa ran za a karkata gare shi, kada ƙarami ya fid da rai ga adalci. Da wannan mudu za mu auna.

GASKIYAR DA ZA MU BA SU

Ba za mu hana su abin da yake nasu ba. A zamanin Isufu ne, cikin 2011, aka ɗaga Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, aka raba ta da Tanut. A Nuwamba na shekarar aka buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙasar Olelewa, ko da yake Tanja ne ya aza tushenta. Isufu ya yi wa'adi biyu ya sauka, bai nemi tazarce ba, ranar 2 ga Afrilu 2021 ya miƙa mulki, abin da wani zaɓaɓɓe bai taɓa yi wa wani zaɓaɓɓe ba a ƙasar nan. A Afrilu 2022, zamanin Bazum, an kai ministan sadarwa mai ci gidan kaso a kan zargin kuɗin hukuma. Duk mun gani, mun kuwa faɗa.

Kuma sun zo da alkawari mai daɗi. Shi kansa Isufu ya ɗanɗani tsari a Janairu 1997, zamanin Ba'are, tare da Mahaman Usman da Tanja. Wanda ya ba ma'aikatar shari'a, Maru Amadu, ɗan farar hula ne da aka kulle a Kutukale a 2009 domin ya ƙi tazarce. Aka kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA a 2011, aka tara babban taron gyaran shari'a a Yamai a Nuwamba 2012. Jama'a suka ce, to, madalla, waɗanda suka san zafin kaso ba za su jefa wani a ciki bisa son zuciya ba. Maru Amadu ya riƙe ma'aikatar nan shekara 10. Ga abin da aka yi a cikinsu.

SHARI'AR HAMA AMADU

A zagaye na biyu na zaɓen 2011 Hama Amadu, shugaban jam'iyyar Lumana, shi ya ɗora Isufu bisa doki, aka ba shi shugabancin Majalisar Dokoki. A Agusta 2013 suka ɓata, Hama ya koma adawa. Shekara ba ta cika ba, a Yuni 2014, sai ga maganar jarirai da aka ce an sayo daga Nijeriya ta hanyar Benin. Aka kama mutane da dama, har da ɗaya daga cikin matan Hama. A ƙarshen Agusta 2014 aka ba da izinin a kama shi, ya fita ƙasar ya tafi Faransa.

A Janairu 2015 kotun farko ta ce ba ta da hurumi, sai an fara warware maganar ko 'ya'yan na wane ne a kotun da ke duba nasaba. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan a Yuli. Hama ya komo ranar 14 ga Nuwamba 2015, daga filin jirgi aka wuce da shi gidan kason Filinge, wajen kilomita 180 daga Yamai. Daga cikin kaso ya tsaya takara. Ranar 21 ga Fabrairu 2016 ya zo na biyu da kashi 17 da 'yan kai, Isufu yana da 48. Saura kwana 4 a yi zagaye na biyu aka ɗauke shi zuwa asibiti a Faransa, 'yan adawa suka ƙaurace, ranar 20 ga Maris Isufu ya sami kashi 92. Jama'a, wannan kokawa ce? An ɗaure ɗan kokawa a turke, sa'an nan an buga wa ɗayan ganga an ce ya yi kaye.

A Maris 2017 aka yanke masa ɗaurin shekara 1, ba ya ƙasar. Ku riƙe wannan adadi. Dokar zaɓe ta ce wanda aka yanke wa shekara 1 ko fiye ba ya tsayawa takara. Ya komo a Nuwamba 2019 ya shiga Filinge da ƙafarsa, aka sake shi a Maris 2020 cikin afuwar da aka yi saboda annobar korona, amma afuwa ba ta goge hukunci. A Nuwamba 2020 Kotun Tsarin Mulki ta cire sunansa. Bayan tarzomar da ta bi zaɓen 21 ga Fabrairu 2021, wanda aka ce Bazum ya ka da Mahaman Usman, an kama mutum fiye da 400, an rufe intanet kwanaki, Hama ya sake komawa Filinge. Ya rasu a Oktoba 2024, Allah ya jiƙansa.

'Yan Tarayya za su ce: sayen jarirai babban laifi ne, kuma ai har Abdu Labo, wanda yake minista cikin gwamnati, an kama shi a kan maganar. Gaskiya ne laifin babba ne, kuma mu ba mu zauna a kujerar alƙali ba balle mu wanke wani ko mu shafa masa. Abin da muke tambaya shi ne lokaci. Don me shari'ar nan take tafiya daidai da kalandar zaɓe, ta yi sauri inda sauri zai amfani mai mulki, ta yi nawa inda nawa za ta amfane shi? Don me mai neman shugabancin ƙasa, wanda ba a riga an yanke masa hukunci ba, aka hana shi beli ya fita ya nemi ƙuri'a? Ruwa ba ya tsami banza.

MUDU BIYU A KASUWA ƊAYA

Kowane ɗan kasuwa a Damargu ya san hukuncin mai awo da aka kama da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. To, ku duba nan.

Bayan zaɓen 2016 gwamnati ta yi shelar aikin da ta kira Mai Bulala, wai duk wanda ya ci dukiyar ƙasa zai sha duka. Muka yi murna. Ashe bulalar tana da ido, ta san bayan da take sauka.

Aka kawo dokar kasafin kuɗi ta 2018 mai sababbin haraji, talakawa suka koka. Ranar 25 ga Maris 2018 aka kama shugabannin farar hula, Musa Cangari, da Ali Idrisa, da Nuhu Arzika, domin sun kira zanga-zangar da aka hana. Aka rarraba su gidajen kaso nesa da iyalinsu. Sai da suka yi wata 4 a kulle kana aka yanke musu ɗaurin wata 3 na je-ka-gyara-halinka. Ku lissafa da kanku: hukuncin da alƙali ya yanke bai kai zaman da suka riga suka yi ba, kuma ma ba na zama ba ne. Wa zai biya su wata 4 ɗin nan? Watau tsarin jiran shari'a shi ne ainihin horon, kuma wanda ya yanke shi ba alƙali ba ne.

Ga ɗaya mudun. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe mana soja 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Cinagodar. Cikin makokin nan, a Fabrairu 2020, binciken da ma'aikatar tsaro ta yi da kanta ya fito da cewa cikin sayen makamai na 2014 zuwa 2019 an yi aringizo, an kuma biya kayan da ba su zo ba, abin da binciken ya ƙiyasta wajen sefa miliyar 76. Wa aka fara kamawa? Waɗanda suka fito ranar 15 ga Maris 2020 suna cewa a hukunta masu laifi. A ranar gobara ta tashi a kasuwar Tagabati ta Yamai, mutum 3 suka mutu, aka ɗora wa masu zanga-zanga, uku daga cikin shugabanninsu suka zauna kaso har Satumba. A Yuni aka kulle 'yar jarida Samira Sabu a kan rubutun da ta yi game da maganar, bisa ƙarar ɗan shugaban ƙasa, ta yi kwana 48 kafin alƙali ya ce ba ta da laifi. Wannan alƙali muna jinjina masa, ya nuna akwai sauran maza cikin rigar. Amma su waɗanda suka karɓi kwangilolin, sai aka zauna da su aka yi sulhu, a ƙarshen 2021 gwamnati ta janye neman haƙƙinta gaban kotu, ta ce an daidaita. Har Isufu ya sauka ba a yanke wa wani minista hukunci a kan kuɗin nan ba.

Assha! Yaron da ya saci akuya a kasuwar dabbobi ba a ce masa ya mayar a yi sulhu a ofis. Ɗaure shi ake yi, wani lokaci ya shekara ba a kira sunansa ba, domin fiye da rabin waɗanda ke gidajen kason ƙasar nan a shekarun nan jiran shari'a suke yi. Mai akuya ɗaya yana ciki, mai miliyar yana gida yana karɓar baƙi.

DOKAR DA AKA YI DON WASU

Akwai kuma wadda ta taɓa mu a kan hanyarmu ta Damagaram zuwa Tanut zuwa Agadas. Ranar 26 ga Mayu 2015 aka sa hannu a doka mai lamba 2015-36, wadda ta sa ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga mai ɗaukar baƙin haure. Ba mu manta ba cewa a Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 cikin sahara kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga kudancin Damagaram. Wanda ya zubar da mutane cikin rairayi ya gudu, lalle ya cancanci hukunci mai tsanani, ba mu da ja.

Amma dokar ba ta tashi aiki sosai ba sai 2016, bayan taron Valeta na Nuwamba 2015 inda Turai ta buɗe jakar kuɗi domin a tare mata hanya tun daga nesa, Bazum kuwa a lokacin shi ne ministan cikin gida. Aka kama direbobi, aka jibge motocinsu a Agadas rana tana cinsu, alhali fasinjan da suka ɗauko ɗan ƙasashen CEDEAO ne wanda yarjejeniyar 1979 ta ba shi izinin yawo, kuma ba su ƙetare iyaka da shi ba tukuna. Mai tuwo a tasha, da mai faci, da mai sayar da jarka, duk suka ji a jikinsu. Motocin da suka rage suka bar hanyar da ke da rijiyoyi suka bi ta inda ba ruwa. A Nuwamba 2023 soja suka soke dokar, aka goge hukuncin waɗanda aka ɗaure. To, in laifi ne, don me aka goge? In ba laifi ba ne, wa zai mayar musu da shekarunsu? Dokar hukunci da aka yi don a faranta wa mai ba da kuɗi, ranar da aka ɓata da shi ranar take mutuwa.

YADDA ABIN YA ISO DAMARGU

Wani zai ce, wannan duk rigimar manya ce a Yamai, ina ruwan mai gero a Tarka? Da ruwansa ƙwarai. Mu nan muna zaune ne a bakin iyakar noma da kiwo, wadda dokar 1961 ta shata. Kowace kaka akwai maganar ɓarna, da burtali, da rijiya, tsakanin Bahaushe da Buzu da Bafillace da Dagira, waɗanda kakanninsu suka sha ruwa a wasaki ɗaya. Dokar karkara ta 1993 da ta makiyaya ta 2010 sun shimfiɗa hanya: a fara zuwa wurin mai gari ko hakimi ko shugaban rukuni a yi sulhu a rubuta, in ya gagara a je gaban alƙali, in ba a gamsu ba a ɗaukaka zuwa Damagaram.

Amma ƙarami yana kallon babba. Da mutane suka ga a can sama katin jam'iyya ya fi takardar shaida nauyi, sai suka koyi karatun. Kowa a cikinmu ya san irinta: shanu sun shiga gona, maimakon a kira dattawa a auna ɓarna, sai mai gona ya nufi gidan wani ɗan siyasa, mai shanu ya sayar da bijimi ya nufi gidan wani, kowa yana neman wanda zai buga waya. Sarkin da ya san ministan cikin gida na iya dakatar da shi, da wane baki zai gaya wa ɗan jam'iyya mai mulki cewa shi ne da laifi? Wanda aka danne ba ya mantawa. Yana komawa ruga ko ƙauye ya gaya wa 'ya'yansa cewa shari'a ta mai uwa a gindin murhu ce. Yaron da ya tashi da wannan karatu, ranar da wani ya miƙa masa bindiga ba zai yi dogon tunani ba.

LAIFI TUDU NE

Kada mu taka namu mu hango na wani. Cutar nan ba 'yan gurguzu kaɗai take kamawa ba. Gaskiya ne gwamnatin Sawaba ta Jibo Bakari ta tuɓe sarakuna a 1957 da 1958 don ba su bi ta ba. Amma RDA da sarakuna suka mara wa baya ita ta haramta Sawaba a Oktoba 1959, ita ta harbe 'yan Sawaba a bainar jama'a a Yamai a Oktoba 1964. A Nijeriya ta Arewa, cikin shekarun 1950, kotunan alƙalai na En'e sun sha ɗaure 'yan NEPU, har da Gambo Sawaba, don kawai sun yi taro. Tanja, wanda da yawa cikinmu suka ƙaunata, a zamaninsa aka kulle Hama a Kutukale a Yuni 2008, shi ne kuma ya rushe Kotun Tsarin Mulki a Yuni 2009 domin ta ce masa tazarce ba ta halatta ba. A Senegal ma an hana Khalifa Sall da Karim Wade takarar 2019 ta hanyar hukuncin kotu, mai mulkin kuwa ba ɗan gurguzu ba ne.

To, me ya sa muka fi tsananta wa Tarayya? Domin su ne suka hau da sunan gyara wannan, su ne suka san dokar sarai, kuma su ne suka gwanance wajen yin abin da takarda da hatimi, har baƙo ya duba ya ce komai daidai ne, a ba shugaban lambar yabo ta Mo Ibrahim a 2021. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Zaluncin da aka yi da bindiga kowa ya san sunansa. Wanda aka yi da rigar alƙali yakan sa mutane su daina yarda da rigar kanta.

RAMIN MUGUNTA

Magabata sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Da soja suka karɓi mulki a Yuli 2023 ba su ƙera sabon makami ba, wanda suka tarar a rataye suka ɗauka. Aka kulle ministocin Tarayya. A Yuni 2024 aka cire wa Bazum rigar kariya, ya cika shekara 2 a tsare a Yuli 2025 ba a kai shi gaban alƙali ba. Samira Sabu ta sake shiga hannu a Satumba 2023. Musa Cangari, wanda Tarayya ta kulle a 2018, an kama shi a Disamba 2024, aka kai shi Filinge, inda Hama ya zauna. A Maris 2025 aka rushe jam'iyyu duka. 'Yan Tarayya da suka fito suna neman adalci sun tarar jama'a da yawa sun juya musu baya, domin jiya da ake yi wa wasu sun yi shiru.

Mu ba za mu yi musu dariya ba. Abin da muka faɗa a kan Hama shi muke faɗa a kan Bazum: in da laifi a kai shi gaban alƙali a fili da lauyansa, in babu a sake shi ya koma cikin iyalinsa. In mun canja magana domin wanda ke ciki ba namu ba ne, to, mu ma mudu biyu gare mu.

ABIN DA MUKE NEMA

Ko wane ne ke bisa kujera, yau ko gobe, ga buƙatunmu.

1. Shugaban ƙasa ya fita daga shugabancin majalisar ƙoli ta alƙalai. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya ce alƙalai 'yantattu ne, amma ya bar naɗinsu da ƙarin girmansu ƙarƙashin majalisar da shugaban ƙasa ke jagoranta. Wanda ke iya tura ka Bilma gobe, ba ka iya ce masa a'a yau.

2. Duk umarnin da minista zai ba mai gabatar da ƙara ya kasance a rubuce, a sa shi cikin takardun shari'ar, lauyan wanda ake tuhuma ya gani.

3. Tsarin jiran shari'a ya kasance da iyaka wadda ba a ƙetarewa, a tsare mutum kusa da iyalinsa, wanda aka tsare a banza kuwa a biya shi diyya.

4. Ɗan takarar da ba a yanke wa hukuncin ƙarshe ba a bar shi ya nemi ƙuri'arsa a waje.

5. Dukiyar ƙasa ba a sulhunta ta a ɗaki. A mayar da kuɗi, a kuma yi shari'a a fili, a karanta sunaye a rediyo da Hausa da sauran harsunanmu.

6. A cire hannun 'yan siyasa daga naɗin sarakuna da tuɓe su, a girmama takardar sulhun da suka rubuta.

Saura namu, 'yan'uwa. Kada ɗayanmu ya ɗauki ƙara zuwa gidan ɗan siyasa, ko da namu ne, ko da mu ke da gaskiya. Kada mu miƙa goro don a karkatar da hukunci. In an kira mu shaida tsakanin manomi da makiyayi mu faɗi abin da idonmu ya gani, ko a kan ɗan'uwanmu ne. In an kulle wani a garinku ba shari'a, ko wane ra'ayi gare shi, ku rubuta sunansa da ranar da aka kama shi, ku kai wa iyalinsa tiya ɗaya ta hatsi, ku riƙa tambayar lafiyarsa a bakin ƙofa har masu tsaronsa su san akwai masu ƙirga kwanaki.

Wanda ya gama karantawa ya miƙa wa na kusa da shi, kada takarda ta kwana biyu a aljihu ɗaya. Allah ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa, ya ba mu alƙalai masu jin tsoronsa shi kaɗai, ya zaunar da Damargu da ƙasar Nijar lafiya, amin.

Haza wassalam.